Gida Goma Sha Ɗaya da Ba a Rubuta Ba

Fayil biyu. Takardar sakamako guda, mai gurbin sa hannu uku. Littafin Malam Muntari, shafi ɗari da sha huɗu, bugun tafireta, an ɗinke shi da zaren buhu. Kwalbar ruwa. Goro a cikin ganye. Turmin atamfa ƙunshe a tsohuwar jarida. Abin da ke cikin jakar Hayatu ke nan lokacin da motar ofis ta sauka daga kwalta ta kama hanyar Maradun.

Su uku ne ban da direba. Alhaji Bube, tsohon hedimasta, yana gaba. Malama Sa'adatu, shugabar makarantar 'yan mata, tana baya tare da Hayatu, jakarta a tsakaninsu. Su ne alƙalan kyautar da Ƙungiyar Malaman Tarihi ta Talata Mafara da Bakura da Maradun take bayarwa kowace shekara ga malamin da ya fi. Bana ce ta huɗu. Wanda ya ci yana samun sabon babur da takardar yabo, kuma ƙungiya ta buga abin da ya rubuta ta raba wa makarantu. Dokar ƙungiyar ita ce sai alƙalai uku duka sun sa hannu. In ɗaya ya ƙi, shekarar ta wuce babu kyauta.

Mutum biyu suka rage a takara. Jiya sun je Bakura sun ga darasin Malam Umaru. Yau na Malam Muntari.

"Wagga tahiya dai cika ƙa'ida ce," in ji Alhaji Bube. "Mun ga na Bakura."

"Malam Umaru ba shi da laifi," Malama Sa'adatu ta ce. "Yana karanta littafi, yara suna kwafa."

"Da ya yi tari sai da na ga wani ya rubuta," in ji Alhaji Bube.

Direba ya yi dariya. Hayatu bai yi ba. Yana kallon magudanan siminti da suka ratsa fili, da karan alkama da aka girbe, da wasu mata duƙe cikin albasa. Shekara biyar ke nan da toshe gulbi aka yi dam a Bakolori. Shi kuwa wata bakwai ke nan da dawowarsa, bayan shekara tara a Ibadan da Ingila, aka ba shi aikin duba makarantu.

Alhaji Bube da Malama Sa'adatu sun riga sun sa hannu tun da safe a Talata Mafara, da sunan Malam Muntari a sama. Hayatu ya ce shi sai ya ga darasi.

"Haka Turawa sunka koya maka, sai ka gani da ido," Alhaji Bube ya ce ba tare da ya waiwayo ba. "Madalla. To kai da kake Hayatu Maradun, wace unguwa ce taku? Ban san gidanku ba."

"Ba cikin gari ba ne, Alhaji. Ƙauye ne."

"Wane?"

"Ruwa ya ci shi."

"Allah Sarki," in ji Alhaji Bube, ya bar maganar nan. Tun shekarar da 'yan sanda suka harbi manoman da suka yi bore kan gonakinsu, mutane ba su cika son jan zancen dam ba.

Littafin da ke cikin jakar Hayatu tarihin ƙauyuka goma sha tara ne da ruwan dam ya shanye. Malam Muntari ya yi shekara huɗu yana bin su a keke kafin ruwa ya zo, yana zama da dattawa, yana rubuta wanda ya kafa kowane gari, da sarakunansa, da rijiyoyinsa, da gidajensa ɗaya bayan ɗaya. Hayatu ya karanta shi sau biyu. Aiki ne mai kyau. A shafi na sittin da ɗaya an rubuta Tungar Gawo, gida arba'in da uku.

A Tungar Gawo aka haifi Hayatu. Gida hamsin da huɗu ne. Goma sha ɗayan da babu a shafin suna bayan wata tsamiya a gabashin gari, unguwar mahauta, kuma na uku daga tsamiyar shi ne gidan ubansa, Tsoho. Da wannan lissafi na Malam Muntari aka raba filaye a sabon matsuguni. Wanda babu sunansa bai sami fili ba.

Makarantar tana bakin gari, ajujuwa shida a jere. Malam Muntari ya tare su a ƙofar aji. Siriri ne, ya haura hamsin da biyar, ɗan liman kuma jikan liman, da farar riga wadda alli bai nuna a jikinta. Ya gaida Alhaji Bube da hannu biyu, suka jera gaisuwa, gida da iyali da gajiya da zafi. Ya gaida Malama Sa'adatu. Ya miƙa wa Hayatu hannu yana cewa ranka ya daɗe, idonsa a ƙasa. Hayatu ya karɓi hannun ya saki.

Suka zauna a benci na baya.

Malam Muntari bai buɗe littafi ba. Ya zana gulbi a allo daga sama har ƙasa, da duk lanƙwasarsa. Ya ce duk wanda aka haifa a garin da yanzu yake ƙarƙashin ruwa ya fito ya sa ɗigo inda garinsu yake. Kusan rabin ajin suka fito. Aka yi gardama kan wani ɗigo, ya bar su suka yi, har suka daidaita da kansu. Sannan ya tambaye su me ya sa ɗigon duka suka taru a inda gulbi ya lanƙwasa. Wata yarinya ta ce laka. Wani ya ce mashigi. Ya bi kowace amsa da wata tambaya, har yaran suka fito da kansu da dalilin da ya sa kakanninsu suka zauna inda suka zauna, da hanyar da fatake ke bi da shanu, da shekarar yunwar da ta raba gari guda biyu. Babu wanda ya yi hamma. Direba ma ya zo ya tsaya a taga.

Hayatu ya ga darussa da yawa a wurare da yawa. Bai ga wanda ya kai wannan ba. Ya rubuta haka a fayil, da maki tara cikin goma.

Da Alhaji Bube ya tambaya ko wani alƙali yana da magana, Hayatu ya ɗaga biro.

"Malam, gida nawa ne a Tungar Gawo?"

"Arba'in da uku, ranka ya daɗe."

"Wa yake yi musu yanka?"

Yara suka yi dariya. Malam Muntari ya cire tabarau, ya dubi benci na baya sosai a karo na farko. Ya daɗe yana duba.

"Hayatu na Tsoho," ya ce.

Alhaji Bube ya juyo ya kalli Hayatu.

"Akwai mahauta," Malam Muntari ya ce. "Bayan tsamiya."

"Suna cikin arba'in da ukun?"

"A'a."

"Na gode, Malam. Tambayata ke nan."

Aka kaɗa ƙararrawa. Hedimastan makarantar ya zo ya ja baƙi zuwa gidansa cin abinci. Hayatu ya ce yana da wadda zai gaida, ya ɗauki jakarsa ya nufi kasuwa da ƙafa.

Ranar kasuwa ce. Ya ratsa ta wajen masu gero da masu gyaɗa, ya wuce kara inda ake cinikin shanu, ya bi warin jini da hayaƙi har mayanka. A bayan mayanka akwai bukkokin zana da tsohon kwano, an danne rufinsu da duwatsu. Nan mahautan Tungar Gawo suka sauka shekara biyar da suka wuce, da niyyar kwana biyu.

Gwaggonsa Marka, ƙanwar ubansa, tana zaune a ƙarƙashin rumfa gaban katuwar tukunya tana dafa kayan ciki. Ta gan shi tun daga nesa, ba ta tashi ba.

"Wa nika gani? Baturen Tsoho."

Ya durƙusa. "Ina wuni, Gwaggo."

"Lahiya lau. Ina gajiya? Ina aiki? Ina Mafara? Ka ji bakinka, kamar rediyo. Tashi, wandonka na shan jini."

Ya zauna a kan turmi. Ta zuba masa romo a kwano ba tare da ta tambaye shi ba. Ya fito da goron da atamfar ya ajiye gabanta. Ta buɗe jaridar, ta shafa atamfar da bayan hannu don kada maiƙo ya taɓa ta.

"Mai kyau ce. Wagga ta zaman tsakar gida ce, a ɗaura a zauna bisa tabarma. Sai ka kawo mani tsakar gidan."

Ta naɗe ta ta tura ƙarƙashin buhu.

"An ce da Alhaji Bube kunka zo, za a ba malamin ga kyauta."

"Labari ya riga ni."

"Kasuwa ce. Mi za a ba shi?"

"Babur. Kuma a buga littafinsa a raba wa makarantu."

"Wanda ya rubuta gidaje?"

"Shi."

"Jikokinmu su karanta?"

"Su karanta."

"Su karanta babu mu." Ta juya tukunya da ludayi. Wani mai saye ya zo, ta zuba masa, ya tafi. "Sau uku ubanka ya tahi gidanai. Na fari yac ce littahi na hannun ma'aikata. Na biyu yac ce zai rubuta takarda. Na uku anka ce ba shi nan, ga takalmanai bakin zaure. Ubanka ya tsaya yana kallon takalman, ya juyo. Bai ƙara maganar ba."

Hayatu ya san sauran. Damina ta biyu a bukkar zana, ruwa yana zuba a kan shimfiɗa, tari ya kama Tsoho bai sake shi ba. An rufe shi a gefen maƙabartar Maradun, inda ake sa baƙi. Cikin gida goma sha ɗaya, huɗu sun watse Gusau da Bakura. Bakwai suna nan.

"Mu Rundawa, masu wuƙar pawa, ba mu da alƙalami," Marka ta ce. "Amma bara da amaryar malamin ta haihu, ran suna ya aiko a zo a yi fiɗa. Babu mahaucin da ya taka ƙofatai, namu da na cikin gari duka. Sarkin Pawa yac ce kowa na da aiki. Shi da ƙannenai sunka naɗe hannun riga. Malamai da wuƙa. Sunka huda tumbi, kashi ya bi naman duka. Baƙi sunka ci tuwo da miyar kuka ran suna."

Ta yi dariya har ta share ido da gefen zane. Hayatu ya ajiye kwanon.

"Sai na sa hannu za a ba shi, Gwaggo."

Ta daina dariya. Ta dube shi daga hula har takalmi.

"Kai ka san aikinka," ta ce. "Ni dai shekara biyar ke nan ban sayar mai da ko hanji ba."

Bayan la'asar aka aiko daga gidan Malam Muntari, yana roƙon Hayatu ya tsaya su gaisa kafin mota ta tashi. Alhaji Bube ya ce ya je, za su jira.

Zauren tsoho ne, mai sanyi. A kusurwa ɗaya alluna jingine, na makarantar da ƙaninsa ke koyarwa. A ɗayar akwatin ƙarfe a kan bulo huɗu. Malam Muntari ya shimfiɗa buzu, Hayatu ya zauna a tabarma. Suka gaisa gaisuwa cikakkiya, babu wadda aka tsallake. Malam ya yi masa ta'aziyyar Tsoho. Hayatu ya amsa.

"Ban gane ka ba da safe. Ka yi jiki."

"Shekara ashirin ne, Malam."

"Sha tara. Kana aji bakwai, a ajina. Zan faɗa maka yadda anka yi, in kana son ji."

"Ina ji."

"Na zauna a ƙofar dagaci, da shi da liman da dattawa huɗu. Na ce su jero mani gidajen gari. Sunka jero kamar yadda anka jero musu tun kakanni. Gidan sarauta, gidajen malamai, manoma unguwa-unguwa, maƙera, masaƙa biyu. Sunka tsaya nan. Ni ma na tsaya nan."

"Ka san da mu."

"Na sani mana. Ragon sunan ɗiyata ta fari ubanka ya feɗe shi. Amma in ana lissahin gari ba a ƙetare tsamiya. Haka na taras. A gidanmu ma in ana karanto asalin gari ran Salla, nan ake tsayawa. Ban zauna na ce bari in cire su ba, Hayatu. Ban ma ji a raina na bar wani abu ba. Na rufe littahi ina murna na gama Tungar Gawo."

"Kakan kakana aka haifa a bayan tsamiyar nan."

"Na sani yanzu."

"Da ma ka sani. Tambaya ce ba ka yi ba. Yau na ga kana tambayar yara me ya sa gari ya zauna a lanƙwasar gulbi. Ba ka taɓa tambayar me ya sa lissafi ya tsaya a bishiya ba."

Malam Muntari ya ce saura sati uku a kwashe mutane ma'aikatan rabon filaye suka zo masa. Nasu lissafin ya rikice, sun ji akwai malamin da ya rubuta gidaje da boko, tsaf. Suka ari littafin.

"Daɗi ma na ji. Na ce ga tarihi ya yi wa mutane amfani. Da ubanka ya zo na gane. Na rubuta takarda, sau biyu, ga kwafinsu cikin akwatin can. Ba a amsa ba. An riga an kafa turakun iyakar filaye."

"Zuwansa na uku fa?"

"Ina ciki."

"Ya ga takalmanka."

"Na sani. Ina jin tsayuwarshi. Ba ni da abin da zan ce mai, kuma ban iya fitowa in ce mai babu ba."

Wata akuya ta leƙo zauren ta koma. Malam Muntari ya gyara zama.

"Zan ƙara shahi. Kafin a buga. Unguwar mahauta, gida-gida, da wanda ya fara zama."

"To. Faɗa mani su."

"Mi?"

"Gidajen. Goma sha ɗaya ne. Fara daga tsamiya."

Malam Muntari ya ɗaga yatsa. "Gidan Tsoho. Gidan Ɗan Juma mai tsire. Gidan..." Ya rufe ido. "Akwai wani dogo, mai gurguwar ƙafa, yana kai nama kasuwar Faru."

"Sunansa?"

Bai sani ba. Ya ƙara kawo wata tsohuwa mai kilishi, ita ma babu suna. Ya sauke hannu.

"Na tahi bayan mayanka in tambaya. Sau da yawa. Ina sallama su juya mani baya. Kai ka san su. Ka faɗa mani, yanzu in rubuta gabanka."

"Na san su duka, da matansu, da inda kowa ya aje tukubarsa."

Malam Muntari ya miƙa hannu wajen biro.

"Ba zan faɗa maka ba," in ji Hayatu.

Hannun ya tsaya, ya koma kan gwiwa.

"Ni na kai ka jarrabawa bisa kekena," Malam ya ce a hankali. "Ubanka bai so ba, sai da na yi zarya. Ba gori nika yi ba."

"Na tuna. Kai ka cika takardar. Kai ka rubuta Hayatu Maradun."

"Don kai na yi. Da na sa Tsoho, a tambaye ka sana'ar uba, da yaran kwaleji sun cinye ka da ba'a. Kowa sunan gari yaka sa a lokacin."

"Ba garinmu ba ne. Da ubana ya rasu, Gwaggo ta sa aka rubuta mani wasiƙa. Mai rubutun ya sa Hayatu Tsoho a baya, don shi suka sani. Wata huɗu tana yawo daga ofis zuwa ofis, babu mai wannan suna. Ranar da ta iso ni na buɗe, na duba kwanan wata, na ga an yi arba'in tun ina rubuta masa cewa na ci jarrabawa."

Malam Muntari ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago sai ya tashi ya buɗe akwatin ƙarfen, ya fito da littattafan rubutu na 'yan makaranta, ɗaure da tsumma. Ya buɗe na sama. Gara ta cinye gefensa har cikin rubutu.

"Ka hana ni babur. Ina da keke. Takardar yabo ma ku ba Malam Umaru, yana da bango. Amma ka bari a buga. Dattawa sittin da biyu na zauna da su, ashirin da bakwai sun rasu. Garuruwan suna ƙarƙashin ruwa. Babu inda sunka rage sai nan da wanda ke jakarka. Baɗi zan aje aiki, kuma ka san doka, wanda ya aje ba ya shiga takara. Ni ba ni da halin bugawa. In bai fita bana ba, ba zai fita ba."

"Na san doka."

"Mutanen ƙauye goma sha tara ne, Hayatu. Ba su yi maka komai ba."

"Dagaci da liman da dattawa huɗu," Hayatu ya ce. "A kowane gari da irinsu ka zauna. Na duba, Malam. Ƙauye goma sha tara, babu mahauci ko ɗaya a littafinka. Duka sun ci nama, duka sun tsaya a tsamiyarsu. Mutanena shekara biyar suna zaune inda babu sunansu. Bari 'ya'yan gidan sarauta da na malamai su nemi sunan kakanninsu su rasa, su ji yadda abin yake."

"Wanga ba gyara ba ne."

"Ban ce gyara ba ne."

Ya buɗe jaka ya fito da littafin mai ɗinkin zaren buhu, ya ajiye a kan tabarma kusa da sauran. Ya miƙe, ya yi sallama yadda ake yi wa malami, ya sa takalmansa ya fita. Malam Muntari bai raka shi ba.

A mota babu wanda ya yi magana, saboda direba. Alhaji Bube yana jan carbi. Malama Sa'adatu tana kallon ruwan dam ta taga har ya ɓace bayan tudu. Sun shiga Talata Mafara rana tana ja.

A ofis Alhaji Bube ya zauna a kujerar baƙi, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Masinja yana share baranda, ƙofa a buɗe. Hayatu ya fito da takardar sakamako ya shimfiɗa a tebur. Hannu biyu a kanta, gurbi na uku fari.

"Ashe kai ɗan Tsoho ne," Alhaji Bube ya ce. "Na ci naman da ubanka ya feɗe. Mutumin kirki, Allah shi jiƙanai. Hedimasta ya ba mu labarin filayen. Abu bai yi daɗi ba. Amma ɗana, mu darasi munka zo dubawa. Ba shari'a munka zo yi ba."

"Haka ne, Alhaji."

"Kuma ba shi ya raba filaye ba."

"Ba shi ba ne."

"To."

Malama Sa'adatu ta matso da kujerarta. "Malam Hayatu, ga shawara. Mu sa sharaɗi a rubuce, ba za a kai wa maɗaba'a ba sai an ƙara mahauta, na Tungar Gawo da na sauran garuruwan. Kai da kanka ka tattaro sunayen, tunda kai za su faɗa wa. Gwaggonka ta ga sunan gidansu a littafin makaranta. Wannan bai fi ba?"

"Da sunansa a bango."

"Shi ya rubuta."

"Shi ya rubuta. A tara mutane a fili, a kira shi, a tafa masa, a ce ga wanda ya ceci tarihin waɗanda ruwa ya kora. Ya hau babur ya bi ta gaban mayanka."

"Ka yi tunanin yaran da ka gani da safe," ta ce. "Rabin ajin nan."

"Na yi tun daga Maradun."

Alhaji Bube ya mayar da hularsa. Muryarsa ta canja. "Ka sani, in ka ƙi, magana za ta kai Sakkwato. Za a ce ɗan mahauci ya sami kujera ya rama da ita. Haka za a faɗe ta, ba wata hanya. Kai da ka fara aiki jiya."

"Ba ƙarya za a yi mani ba."

Tsintsiyar masinja ta tsaya a baranda. Hayatu ya tashi, ya zagaya tebur, ya tura ƙofar ta rufe. Ya juyo ya dube su.

"Darasinsa ya fi na kowa. Na rubuta haka a fayil, ba zan goge ba," ya ce. "Amma ba zan sa hannu ba. Bana babu kyauta."